Ɗan Ladan Mai Ɗaura Kyamara

An yi wani mutum a nan Garwa, ba zan kama sunansa ba, don danginsa suna nan da rai, wataƙila ma wani cikinsu yana zaune a sahun nan. Sana'arsa ɗaura kyamarar tsaro a gidajen mutane, ɗan idon nan da kuke gani a saman katanga yana leƙen mai shiga da mai fita.

Ya iya aikinsa, wannan babu ja. Amma ba iyawarsa ce ta buɗe masa ƙofofi ba, sunan ubansa ne. Uban nasa ladan ne a masallacin unguwarsu, tsoho tukuf, tun kafin a kawo lasifika yake kiran salla da maƙogwaronsa. Ba shi da mota, ba shi da shago a babbar kasuwa. Abin da ya tara a duniya guda ne: in aka ce "Baba Ladan ya faɗa," magana ta ƙare.

A shekarun nan fasa gilashin mota ya yi yawa a gari, kun sani, wasunku an yi musu. Ka ajiye mota ka shiga gaisuwa, ka fito ka tarar da gilashi warwatse a ƙasa, jaka ta tafi, waya ta tafi. Masu hali suka shiga neman kyamara. To wa za ka bari ya hau rufin gidanka, ya ratsa tsakar gida da tsani, ya ga inda iyalinka suke zama? Ba kowa ba. Sai a ce a kira ɗan Ladan. Tsohon da kansa yakan tsaya bayan salla ya ce, "Ku ba shi aikin, na tsaya masa."

Ya 'yan uwa, ku ji inda Shaiɗan ya shigo.

Duk gidan da mutumin nan ya yi wa aiki, sai ya bar lungu ɗaya a waje wanda kyamara ba ta kallo. Da gangan. Zai kira maigida ya nuna masa talabijin: ga ƙofa, ga gareji, ga titi. Maigida ya ga kansa a ciki yana ɗaga hannu, ya yi ta murna kamar yaro. Wa ya taɓa tambayar abin da ba a nuna masa ba?

Daga nan sai ya jira ranar taro. Suna, ɗaurin aure, zaman makoki, ranar da motoci za su cika ƙofar gida har wasu su gangara lungun nan. Zai zo da farar riga, ya gaisa da kowa, ya ci shinkafa, a shafa fatiha da shi. In hankali ya tafi wani wuri sai ya sulale. Kafin a farga ya dawo ya zauna yana jan carbi. In ihu ya tashi, shi ne kan gaba wajen salati. Washegari maƙwabta su tsorata, su ma su kira shi ya ɗaura musu.

Ya daɗe yana haka. Allah yana kallonsa, yana ba shi lokaci ko zai tuba, shi kuma ya ɗauka wayonsa ne.

Akwai wani attajiri a unguwar Marware, Alhaji Mahfuzu, mai fataucin shinkafar Maga. Shi ma ɗan Ladan ne ya ɗaura masa. A gefen gidan akwai wata babbar darbejiya, inuwa mai kyau, duk baƙon da ya zo da mota nan yake nema, kun san ranar Garwa ba ta wasa. Wannan gindin darbejiyar mutumin ya ware wa kansa. Don kada kyamarar kusurwa ta kalli wajen, sai ya karkatar da ita ɗaya ɓangaren. Bai damu da inda ta faɗa ba. Ashe ta faɗa ta saman gajeriyar katangar maƙwabci, daidai inda matan gidan suke wanke-wanke.

Maƙwabcin, Malam Hanzala, mai koyar da Alƙur'ani ne, mutum mai kunya. Ya yi ta juya maganar a ransa. Rannan dai ya daure ya yi sallama, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Idon nan naka yana kallon cikin gidana. Iyalina sun daina fitowa tsakar gida sai da mayafi."

Alhaji Mahfuzu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bai jira wani ma'aikaci ba, bai buga wa kowa waya ba, don haƙƙin maƙwabci ba abin da ake kwana da shi ba ne. Ya ƙwala wa maigadinsa kira, wani dattijo mai suna Jonas, mutumin Pitowa. Ya ce, "Ɗauko tsani ka juya abin nan. Ko ina ta kalla, in dai ba gidan Malam ba." Jonas ya hau, ya murɗa ta da hannu, ya sauko. Aka sha shayi aka rabu lafiya, kowa ya manta.

Ina kuke jin ta kalla? Gindin darbejiya.

Ba a jima ba Allah ya yi wa mahaifiyar Alhaji rasuwa. Gari ya ɗauka. Mutane suka zo daga Pitowa, daga Maga, har daga Kolofata aka zo, cikinsu da ƙanwar mamaciyar, Hajja Khaula, tsohuwa mai ciwon suga. Direbanta ya sami inuwar darbejiya ya faka. Ita kuwa kuka ya ci ƙarfinta, ta faɗa gida ta bar jakarta a kujerar baya, da wayarta da allurar da take yi wa kanta a ciki.

Da hantsi aka sallaci gawa a ƙofar gida. Mutumin nan yana cikin sahu, kafaɗarsa tana gogar ta mutanen kirki. Aka ɗaga makara, maza suka bi ta a ƙafa zuwa maƙabarta. Mata suna ciki suna kuka. Jonas an aike shi ɗauko kujeru. Titi ya yi tsit.

Ya bi makara har kwanar farko, sai ya tsaya kamar mai gyara takalmi. Jama'a suka wuce. Ya juyo.

Ya 'yan uwa, gawa ce fa a gabansa. Yanzu ya gama yin kabbara a kanta. Wanda makara ba ta yi wa wa'azi ba, wane malami ne zai yi masa?

Ya isa gindin darbejiya, ya duba dama, ya duba hagu. Bai duba sama ba. Me zai duba? Ai shi ya ɗaura ta da hannunsa, ya san inda take kallo. Ya fasa gilashi, ya zare jakar, ya cusa ta cikin babbar riga. A bayan layi ya ɗebe abin da zai sayu, sauran ya wurga a kwata, har da allurar. Ya yanke ta wata hanya ya riski jama'a ana zuba ƙasa, shi ma ya sa hannu ya zuba.

Da aka dawo aka ga gilashi. Kafin azahar jikin Hajja Khaula ya rikice, ana neman allura babu, aka kwashe ta sai asibiti. Ran mutane ya ɓaci. Sata a gidan mutuwa, ga tsohuwa tana neman bin 'yar uwarta! Wani ya ce ina maigadi yake lokacin? Shi ke nan. Matasa suka damƙo Jonas, suka zaunar da shi a ƙasa cikin rana, wani ya kai masa mari, wani ya tafi neman igiya.

Jonas yana ce wa Alhaji, "Patron, kujeru na je ɗaukowa, kai ka aike ni. Ban taɓa ba, Allah ya gani." Ba mai jin sa.

Baba Ladan yana wurin zaman makokin. Ya miƙe da sandarsa ya shiga tsakani. Ya ce, "Kada wanda ya ƙara taɓa bawan Allahn nan. Ba akwai na'ura a gidan ba? Ɗana ne ya ɗaura ta. Yanzu zai nuna muku ɓarawon, kowa ya huta." Alhaji ya ce shi kam bai taɓa koyon mayar da hoton baya ba, kallon ƙofa kawai ya iya. Tsoho ya sa aka buga wa ɗansa waya, ya karɓa ya ce, "Duk abin da kake yi ajiye ka zo. Ga wani za a zalunta."

Ɗan ya zo a kan babur ɗinsa, hankali kwance. A ransa ya gama tsara abin: za a duba, ba za a ga komai ba, ya ce kash, wajen nan kyamara ba ta kai ba, sai dai a ƙara wata. Jonas kuwa ya ji da kansa.

Aka fito da talabijin zaure don dattawa su gani. Zaure ya cika, har ta taga ana leƙe. Aka shigo da Jonas, leɓensa a fashe. Aka shimfiɗa wa Baba Ladan darduma a gaba. Ɗan ya durƙusa, ya jona wayoyi, ya mayar da hoton baya zuwa hantsi, ya danna.

Hoton ƙofa ya fito. Hoton gareji ya fito. Ya danna na kusurwa, yana jiran ya ga katangar Malam Hanzala.

Sai ga darbejiya. Sai ga motar Hajja a gindinta, gilashinta lafiya lau, rana tana haskawa a kai.

Gumi ya karyo masa tun daga ƙeya. Ya ce, "Na'urar ta yi zafi, sai an kai ta shago." Alhaji ya ce, "Wane zafi? Ga ta tana nunawa tar. Bar ta ta tafi." Ya kai hannu wajen waya zai zare, wani dattijo ya riƙe hannun a hankali, ya ce, "Yi haƙuri, ɗan Ladan, kada ka ɓata mana, ga shi an zo wajen."

A nan fa, ya 'yan uwa, ƙofa ɗaya ta rage masa. Ya juya ya faɗi a gaban ubansa ya ce ni ne, ku saki Jonas. Da ya yi haka, ko ba komai an ji daga bakinsa. Bai yi ba. Ya tsaya yana fatan a ɗauke wuta, ita kuwa wutar da ake ɗaukewa kullum, ranar ta zauna daram.

A cikin hoton jama'a suka wuce da makara. Titi ya zama fayau. Can sai ga mai farar riga ya dawo shi kaɗai, yana waige. 

Baba Ladan idonsa ya yi rauni. Ya matso da dardumarsa, ya kanne ido, ya ce, "Ɗana, ƙara masa girma. Ban ga fuskarsa ba."

Duk wanda ke zauren ya riga ya gane, sai tsohon kaɗai.

Ya sake cewa, "Ƙara mana, na ce. Mutum yana zaune da jini a baki."

Ɗan ya ƙara. Da yatsansa ya ƙara. Fuskarsa ta cika talabijin, hannunsa cikin motar Hajja.

Tsoho ya daɗe yana kallo. Ya dubi hoton, ya dubi wanda ke durƙushe kusa da shi. Bai zage shi ba, bai ɗaga sanda ba. Ya rarrafa da gwiwa har gaban Jonas, ya kama ƙafarsa, ya ce, "Ka yafe mini. Ni na ce a yarda da shi."

Jami'an tsaro na jandarma ne suka ƙwaci mutumin daga hannun matasa, da ƙyar. Kafin la'asar labari ya zaga gari. Duk gidan da ya taɓa yi wa aiki suka fita suka duba, kowa ya sami lungunsa, kowa ya tuna ranar da aka fasa motar baƙonsa. Ƙara ta taru a kansa, aka rufe shago, aka kai shi gidan yari. Hajja Khaula Allah ya tashi kafaɗunta. Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba.

A ranar da asirin ya tonu, da rana ta faɗi, mutanen unguwar Baba Ladan suka yi alwala suna jiran kiran magariba. Shiru. Aka je aka same shi zaune a bakin masallaci, an kunna lasifika, ya kasa tashi. Liman ya ce, "Baba, lokaci yana wucewa." Ya ce, "Ku sa wani. Bakin da ya ce ku yarda da ɓarawo, da wane ido zai ce ku zo ku yi salla?" Aka yi ta ba shi baki, aka ce laifin ɗa ba ya hawa kan uba, kuma gaskiya aka faɗa masa. Bai ƙara kira ba har ya koma ga Allah.

To ya 'yan uwa, kun ji. Wanda ya ci amana ba kansa kaɗai yake kashewa ba, har da wanda ya tsaya masa. Kai da aka ba aiki don darajar ubanka, ko malaminka, ko surukinka, ka sani mutuncinsu ne a hannunka, kuma in ya zube ba ka da abin kwashe shi.

Mutumin nan ya san inda kowace kyamara take kallo a unguwanni da yawa. Ya manta da Wanda ba a karkatar da ganinsa. Wannan taron zaure ne kawai, bai iya ɗaga kai ba. Ina ga ranar da hannunka da ƙafarka za su ba da shaida a gaban halitta duka?

Ku kuma masu gida, ban ce kada ku ɗaura ba. Ku ɗaura, kiyaye dukiya ba laifi ba ne. Amma in an gama, ka fita da ƙafarka ka zaga gidan, wani yana duba talabijin, ka ga inda kake ɓacewa. Ka koyi mayar da hoton da kanka, ba karatun likita ba ne. Kada idonka ya leƙa gidan maƙwabci. Kada ku bar jaka a kujerar mota tana kiran mai rauni. Kuma don girman Allah ku daina dukan maigadi kafin ku ga shaida, don da Alhaji bai girmama maƙwabcinsa ba, da Jonas ne a gidan yari yau, ku kuma kuna da kaso a zunubin.

Allah ka rufa mana asiri, ka hana hannayenmu abin da ba namu ba. Kada ka sa mu zama sanadin da iyayenmu za su sunkuyar da kai cikin mutane. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.