Direban Nima da Ya Ƙi Tsayawa a Hamada

Akwai wani direba a unguwar Nima ta Accra, sunansa Naziru. Shi ke jan babbar motar Hajiya Wadia, mai fataucin albasa daga Nijar zuwa Accra. Da za ta tura shi Agadas karon farko, sai ta haɗa shi da Baba Abdulai, tsohon direban da ya ci ƙuruciyarsa a wannan hanya.

Hanyar kam akwai kyau. Kwalta ta miƙe cikin rairayi, ga jajayen duwatsu, wani kamar raƙumi ya durƙusa, wani kamar an yanka shi da wuƙa. Naziru hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da waya, yana ta ɗaukar bidiyo.

To, hanyar nan tana da ƙa'ida. In ka ga mota tsaye, dole ka tsaya. Ko ba ka iya gyara ba, ka sauke ruwa.

Bayan la'asar suka hango wata ƙaramar mota a gefen titi. Wani mutum yana ɗaga jarkar da ba komai a ciki, wata tsohuwa tana kwance a inuwar motar.

Baba Abdulai ya ce, "Ɗana, taka birki."

"Haba Baba! Rana za ta faɗi ban ɗauki hoton manyan duwatsun can ba. Wata motar tana baya."

"Wace mota? Tun hantsi ka ga wata? Jarka huɗu gare mu!"

Naziru ya ce da salon samarin Accra, "Chale, ni ba motar asibiti nake ja ba."

Ya wuce. Har da danna musu ham, marar kunya! Ya isa duwatsunsa, ya yi hoto, ya watsa bidiyon a waya. A ciki ga mutumin nan yana gudu bayan motar, ga dariyar Naziru.

Sai washegari wata mota ta bi ta wurin. Tsohuwar, uwar mutumin ce, ba ta kai asibiti da rai ba.

Kafin Naziru ya shiga layin lodin albasa a Agadas, bidiyon ya zaga direbobi. Sarkin tasha ya dubi lambar motar ya ce, "Ko buhu ɗaya ba za a ɗora wa wannan ba."

Haka Naziru ya komo Nima da mota fayau.

Hajiya Wadia tana ƙofar gida. Ya durƙusa, "Hajiya, wallahi ban san za ta mutu ba."

"Da ka sani ne kawai za ka tsaya? Ni albasa ba ta dame ni ba. Da motata ka wuce uwar wani tana kwance a ƙasa! Miƙa wa Baba Abdulai makulli, ka ɓace mini da gani."

Darasi: Dutse ba ya jin ƙishirwa, mutum ke ji. Duk abin da kake sauri ka gani, in ka tarar da mabuƙaci a hanya, ka tsaya. Ku tura wa kowane direba da kuka sani, musamman masu tuƙi da waya a hannu.