Mai Wasa Wuƙa da Man Suyar Kifi

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai wasa wuƙa a bakin kasuwa, gwani ne na gaske. In wuƙa mai ninkewa ta shiga hannunsa, sai ya wasa ta, ya goge dattin gaɓarta, ya ɗiga mata mai. Kowa wurinsa yake kaiwa.

Man da ya dace da gaɓar wuƙa sananne ne: man keken ɗinki, marar kauri, ɗigo biyu ya isa. Amma rowa ta shiga zuciyar mutumin nan. Sai ya riƙa tace ragowar man da matarsa ta soya kifi, ya ɗura a kwalba mai kyau, ya ce na musamman ne. Har wuƙarsa ma da shi yake shafawa.

Tela maƙwabcinsa ya ce masa, "Malam, man girki in ya daɗe danƙo yake yi. Ka ji tsoron Allah."

Ya yi dariya ya ce, "Kai dai ji da allurarka."

Ranar farko wuƙa tana buɗewa sumul. Bayan wata guda fa? Mai ya kama ƙura, ya daskare. In an dawo da ƙorafi, sai ya ce aljihunsu ne ke da datti.

Rannan da hantsi, kasuwa ta cika, sai hannun rigarsa ya shiga bel ɗin injinsa na wasa wuƙa. Inji ya fara naɗe riga yana jan shi. Ya zaro wuƙarsa don ya yanke hannun rigar, ta ƙi buɗewa. Ya kwarma ihu. A rikice kowa ya manta da makunnin kashe injin. Mai lemo ya zaro tasa, ta ƙi. Mai igiya ya sa wa tasa haƙori, ta ƙi. Maza biyar suna kokawa da wuƙaƙe, kuma duk aikinsa ne.

Tela ne ya cece shi da almakashi, bayan inji ya cinye riga ya ƙone. Kwalbar man ta faɗi ta fashe, ƙamshin kifi ya tashi, sai ga kyanwa uku sun zo suna lasa. Kasuwa ta kwashe da dariya. Daga ranar ko allura ba a sake kai masa ba.

Kuna dariya, ni ma na yi. Amma wa ya rufe wuƙaƙen da za su cece shi? Shi ne, da hannunsa. Mai ha'inci ba ya sanin ranar da zai buƙaci aikin da ya ɓata.

Allah ya kiyaye mu da ha'inci, komai ƙanƙantarsa, ko da ɗigo biyu ne. Amin.