Ƙwayoyin da Renske Ta Tara a Gwangwanin Shayi

Renske Bouma mace ce mai son sanin dalilin kowane abu. A ɗakin gwajin madara take aiki, a wani kamfanin cuku da ke bayan garin Sneek, kuma ba a kawo mata magana ba hujja. Aibinta ɗaya ne: in ta karanta abu da idonta ta yanke hukunci, shi ke nan, ba ta ƙara tambayar kowa. Mijinta Jelle, mai gyaran ƙananan jiragen ruwa, "Farfesa" yake ce mata in yana jin tsokana.

Shekara huɗu ke nan tana shan maganin ciwon damuwa, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Kafin ta fara sha ta taɓa yin wata uku ba ta leƙa ƙofar gida ba. Da magani ta dawo hayyacinta, har ta manta yadda wancan zama yake.

Ranar da ta tabbatar tana da ciki, sai ta warware 'yar takardar nan ta cikin kwalin maganin. Ta karanta cewa jariri na iya zuwa da karkarwa, ko yawan kuka, ko wahalar numfashi a kwanakin farko. Ta kwana uku tana bincike, tambayarta ɗaya: me ƙwayar take yi wa ɗan cikin? Ba ta taɓa tambayar me ciwon kansa yake yi masa ba. A rana ta huɗu ta daina sha.

Da ta je awon farko, ungozoma Ineke, wata dattijuwa mai fara'a, ta duba takardunta ta ce, "Na ga kina shan magani. Ki ci gaba, 'yata. Kada ki taɓa shi sai kun zauna da likitanki."

Renske ta gyaɗa kai ta ce to. A ranta kuwa cewa take, ai na karanta abin da ke ba ki karanta ba.

Don kada Jelle ya gane, kullum da safe sai ta ɓalle ƙwaya ta jefa cikin wani tsohon gwangwanin shayi a can ƙuryar kantar kicin. Jiri da tashin zuciya suka taso mata, ta ce laulayi ne. A wata na biyar abinci ya daina yi mata ɗanɗano. Burodi da cukun da take tafiya da shi aiki haka yake dawowa a jaka. Kekenta ya yi ta tsatsa a jikin katanga. Sau biyu ta ƙi zuwa awo, ta ce aiki ya yi yawa, alhali a kwance take tana kallon rufi.

Wata safiyar Asabar Jelle ya dube ta ya ce, "Farfesa, lafiya kuwa? Jiya da gangan na ce miki baƙar saniya madarar cakulan take bayarwa, kika ce mini to."

"Na gaji ne."

"Bari in dafa miki shayi."

Ya tarar ganyen shayin ya ƙare, ya shiga lalube a ƙuryar kantar. Ya girgiza gwangwanin, ya buɗe, ya ga ƙwayoyin a ciki. Sannan ya kawo ya ajiye a gabanta.

"Tun yaushe?"

"Tun farko. Don 'yar da ke cikina na yi, Jelle. Ba na so guba ta shiga jikinta."

"To ke da ba kya ci, ita me take ci?"

Ranar Litinin suka je wurin likita, aka mayar da ita kan magani a hankali. Amma irin wannan magani sai ya yi makonni kafin ya kama jiki. Kwana goma sha biyu bayan haka naƙuda ta taso, saura mako bakwai lokaci ya yi. Ta haifi 'ya mace bakwaini, nauyinta bai kai kilo biyu ba. Suka sa mata suna Hiske, aka saka ta a kwalba.

A rana ta uku Renske ta tare likitar jarirai, wata mai suna Terpstra, a bakin ɗakin.

"Likita, ki gaya mini gaskiya. Da na ci gaba da sha, da ba ta zo da wuri ba?"

Likitar ta ja kujera ta zauna. Ta ce, "Maganin yana da nasa haɗarin. Wasu jariran sukan yi karkarwa da kuka na 'yan kwanaki, shi ya sa muke sa musu ido, kuma yawanci yana wucewa. Ciwon ma yana da nasa. Uwar da ba ta ci, ba ta barci, ba ta zuwa awo, ta fi kusa da haihuwar bakwaini ko ɗan da bai yi nauyi ba. Masu bincike har yau suna fama su raba wanne ne na magani, wanne ne na ciwo, don a jikin mace ɗaya suke haɗuwa."

"Amma a kaina fa? A kan Hiske?"

"Wannan ban sani ba. Ba wanda zai taɓa iya gaya miki. Abin da na sani, da kin je awon nan biyu, da mun ga ba ta girma yadda ya kamata, da mun yi wani abu."

Renske ta koma ciki ta wanke hannu. Ta zura yatsa ta 'yar kafar kwalbar, Hiske ta damƙe shi. Mako biyar tana zuwa tana zama a wurin kafin a sallame su. Yarinyar ta rayu, ta yi ƙiba a hankali. Uwar kuwa, da ba ta taɓa barin tambaya ba amsa ba, da wannan tambayar take zaune har yau.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane, kuma barinsa ba magani yana da haɗari ga uwa da abin da ke cikinta. Mai ciki kada ta daina magani, kada kuma ta fara, sai ta zauna da likita sun auna ɓangarorin biyu. Neman sani abu ne mai kyau, amma wanda ya karanta rabi ya ɓoye sauran ga masu iya taimakonsa, kansa da nasa yake cuta.