Magen Malam Shekarau Marini

"Umma, Kaka ta haukace ne? Na ji tana gaya wa mage ciwon gwiwarta." Rumasa'u ce, 'yata mai shekara biyar, kuma a gaban surukata ta faɗa. Na toshe mata baki, amma ga amsar, har da ku.

An yi wani bawan Allah a wani gari, marini, ana ce masa Malam Shekarau. Ƙarfi ya ƙare, matarsa ta rasu, ya koma zaure ya zauna. Ba ci, ba fita. Yadda aka kawo kwanon tuwo haka ake ɗauke shi.

Wata safiya ya ji kuka a tsohon ramin rininsa. 'Yar mage ce ta faɗa. Ya zura tsumma ya jawo ta, duk ta yi shuɗi. Ku saurara da kyau: mutumin da ya ƙi buɗe kwano don kansa, ya buɗe don mage. Ya gutsura mata, ya gutsura wa kansa. Kullum da hantsi sai ya taka har wurin mahauta ya karɓo mata guntun nama. A hanya a gaisa, a taɓa hira. Ƙafa ta saki, baki ya buɗe.

Ɗansa Ilu ya zo daga birni, maƙwabta suka ce masa magen da tsoho ke hira da ita aljana ce. Ya sa ta a buhu, ya kai bayan gari.

Tsohon bai yi masa baki ba. Ya ce, "Ilu, ka ba ta ruwa kafin ka sake ta?"

"Baba, mage ce fa."

"Na sani. Ita kaɗai ce ke jira na tashi."

Kwana uku kwano na komawa a rufe. Rana ta huɗu ga Ilu cikin gonaki da babbar riga, yana "mus, mus", manoma na ta dariya. Da ya samo magen ya ajiye ta a zaure, tsoho ya miƙe zaune ya ce, "Buɗe kwanon nan, ta rame."

Jama'a, tsoho ba abinci da magani kaɗai yake so ba, yana son a buƙace shi. In yana da mage, ku wanke mata kwano, ku kai ta a yi mata allura, wannan aikinmu ne. Amma kai mai shirin korar dabbar tsohonka da sunan tsabta ko tsoro, ka kiyaye. In ba za ka zauna a gurbinta kullum ba, kada ka taɓa ta.