Nomau Mai Igiya da Ƙauyen da Ba Na Kowa Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ɗan ƙauye can zamanin da, tun ana kai haraji hannun dagaci bayan an yi kaka. Sunansa Nomau, sana'arsa tufkar igiya. Ba shi da komai a duniya sai damin rama, sai cinyarsa da yake murza ta a kai har ta yi kanta, sai matarsa Tabawa, sai wata akuya mai taurin kai.

To ku saurara da kyau, don yadda ƙauyen nan ya zauna shi ne kan labarin. Wata ƙorama ce ta ratsa tsakiyarsa, busasshiya in ba da damina ba, kuma ita ce iyaka. Gabas da ita ƙasar wani hakimi ce, yamma da ita ƙasar wani hakimin daban. Mutanen kuwa Allah ya hore musu wayo. Kowane magidanci yana da bukka a wannan gaɓar, yana da bukka a waccan. In mai karɓar harajin gabas ya ɓullo, matan da suka fara hango shi sai su kama lugude a turmi, wani irin lugude mai sauri da kowa ya san ma'anarsa. Kafin ya iso, an kwashi tabarmi da kaji da tsofaffi an tsallake. Sai su tsaya daga can suna ɗaga masa hannu: "Sannu da zuwa! Ai mu mutanen yamma ne, waɗannan bukkokin gona ne kawai." In na yamma ya zo, a sake lugude, a tsallako gabas.

Wanda ya ƙirƙiro dabarar wani dattijo ne mai suna Cindo, mai baki kamar zuma. Shi ke cewa, "Mu ba na kowa ba ne, mu na Allah ne."

Kowa yana tsallakewa, ban da Nomau. A gabas aka haife shi, a gabas yake kwana, saboda haka in na gabas ya zo sai ya tarar da shi a gindin tsamiya yana murza igiyarsa. Ya tashi ya gaishe shi, ya ba shi ruwa, ya shiga ɗaki ya ɗauko abin da ya tanada ya miƙa.

Mai karɓa ya ce, "Kai kuwa, waɗancan da gaske mutanen yamma ne?"

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai na san inda nake kwana. Su kuma ga su can, bakinsu ƙalau yake, sai ka tambaye su."

Kun ji fa. Bai yi ƙarya ba, bai kuma tona asirin maƙwabci ba. Amma kun san mutum. Wanda ke tsallake ƙorama ba ya son ganin wanda ke zaune. Suka laƙa masa suna Ɗan Hakimi. In ya wuce, a ce, "A ba Ɗan Hakimi hanya, yau da wane doki aka zo?" Alhali ko jaki ba shi da shi. Suka daina sayen igiyarsa, sai su tafi kasuwa mai nisa su sayo wadda ba ta kai tasa ba.

Tabawa ta gaji, ta ce, "Maigida, kai kaɗai ne mai tsoron Allah a garin nan? Ko wannan akuyar, da an yi lugude tsallakewa take yi."

Ya yi dariya ya ce, "Ita ai ba ta zuwa kasuwar hakimi a tsare mata kayanta daga ɓarayi. Ni ina zuwa. Ta yaya zan sha inuwar rumfa, ranar gyaranta in ce ni baƙo ne?"

Ana nan, ana nan, sai wata bazara mai zafi rijiyar ƙauyen ta rufta. Ita kaɗai ce gare su. Aka tona ƙorama, yashi kawai. Mata suka riƙa fita tun da sassafe, ba su dawowa sai rana ta take, da tulu guda na ruwa ja. Aka fara maganar watsewa, kowa ya kama gabansa, a bar gonaki da kaburburan iyaye. Rijiyar da za ta tsaya a wannan ƙasa mai rairayi kuwa sai ta siminti, ita kuma sai hukuma.

Cindo ya naɗa rawaninsa ya ja mutane sai gidan dagacin gabas. Dagaci ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Ayya, abin tausayi. Amma ba ku ne mutanen yamma ba? Ku je can mana." Suka juya sai yamma. Na yamma ya ce, "Ikon Allah! Ashe kuna da ƙishirwa, mutanen gabas?" Suka dawo rawanin Cindo ya karkace. Sun ce su ba na kowa ba ne, ga shi kuwa an gaskata su.

Sai ga Cindo a gindin tsamiya, yana gyaran murya. "Nomau, ɗan'uwana..."

"Yau ba Ɗan Hakimi ba ne, Yaya Cindo?"

"Haba, ai wasa ne na maƙwabtaka."

Da wani ne, sai ya ja zancen ya rama. Nomau kuwa ya ajiye igiya, ya saka takalminsa na taya, ya kama hanyar gidan dagaci a madadinsu.

Dagacin gabas yana ganinsa ya ce, "A'a, mai igiya! Kai kam namu ne." Da ya ji buƙata sai ya ce, "Zauna in gaya maka yadda abin yake. Abin da kake miƙowa ba a aljihuna yake kwana ba. Ni in kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmalin En'e, wato hukumar sarki, a birni, can a ware kason gwamnatin sama. Ni iyakata in tara maka majiya ƙarfi su yi gayya. Siminti da magina sai baitulmali, kuma ba sa jin maganar kowa sai ta bakin hakimi. Babbar hanyar da mota za ta bi ta kawo simintin, da mutumin da ya san inda ruwa ke kwance a ƙasa, waɗannan na gwamnatin sama ne. Mu je wurin hakimi, ni zan gabatar da kai."

Suka je, suka faɗi suka yi gaisuwa. Hakimi ya dubi Nomau ya ce, "An ce gida ɗaya ne nawa a ƙauyenku. Ba a yi wa gida ɗaya rijiyar siminti. Gaya mini gaskiya, su wa ke zaune a wurin?"

Jama'a, ga jarrabawar nan. In ya yi shiru, babu ruwa. In ya lissafa sunaye, dogarai za su je su kamo maƙwabtansa a kan harajin baya, ƙila ma da igiyar da shi ya tufka.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, masu shan ruwa muna da yawa, wannan ba zan ɓoye maka ba. Amma ba a aiko ni da sunan kowa ba. Ka ba ni dama in koma. In naka ne, za ka same su zaune. Roƙona ɗaya, wanda ka samu zaune, a yafe masa abin da ya wuce."

Hakimi ya yi murmushi, don shi ma labarin luguden nan ya daɗe da zuwa kunnensa. Ya ce, "Na yafe. Ranar Laraba ina tafe da kaina."

Nomau ya koma ya shaida wa mutanen ƙauye yadda suka yi. Ranar Laraba, kowa na zaune a gaɓar gabas, aka hango ƙurar hakimi. Wata tsohuwa, saboda sabo, ta ɗaga taɓarya ta kama lugude. Ƙafar Cindo har ta motsa da kanta, sai ya dafe gwiwa ya koma ya zauna. Ba wanda ya tsallake, sai akuyar Nomau. Ita kam ta arce yamma a guje tana kuka, hakimi ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Wannan a bar wa ɗan'uwana na yamma."

Maganar ta hau sama bene bene, kamar yadda kuɗin ke hawa, sannan aikin ya gangaro. Da siminti ya yi jinkiri, wa kuke tsammani ya je ƙofar dagaci yana ɗaga murya? Cindo! "Ina haƙƙinmu? Mu fa masu biyan haraji ne!" Kafin damina aka ga ruwa. Igiyar da aka fara zura guga da ita kuwa ta Nomau ce, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara zuwa kasuwa mai nisa sayen igiya.

To ni da ku, ƙorama nawa muke tsallakewa? Yau sunaye ne suka canza: ƙaramar hukuma, jiha, tarayya. Ta farko ta karɓi kuɗin rumfa, ta biyu ta karɓi na albashi da lambar mota, ta uku ta karɓi na manyan kamfanoni da kayan da ke shigowa ƙasa, sannan a raba a gangaro da shi. Amma wani in mai karɓar kuɗin kasuwa ya zo, sai ya rufe shago ya ce ya tafi salla, gobe kuma shi ne kan gaba wajen zagin kwatar da ta toshe. Ku biya abin da ya hau kanku da gaskiya, don ku sami bakin tambaya, kuma ku san ƙofar da za ku buga, kada ku kai kukan kwata inda ake maganar babbar hanya. Ku kuma masu karɓa, na hango wasunku a sahun baya, ku sani gumin irin su Nomau ne a hannunku. Ya hau ta wurinku, dole ya sauko ta wurinku, kuma akwai ranar da za a tambaye ku, ranar da babu lugude, babu gaɓar tsallakewa. Allah ya sa a same mu zaune.