Tokar da Ba Ta Kai Bishiyar Mikiya Ba

Akwai wani dattijo mai suna Dwight Kessler a wani ƙaramin gari cikin duwatsun Idaho a ƙasar Amurka. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa masu yawon hutu a kwale-kwalen roba a wani kogi kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Gwani ne, babu musu. Sai dai kunnensa ba ya ɗaukar maganar kowa, kuma in ka zauna da shi minti biyar sai ka ji cewa bai taɓa kifewa ba.

'Yarsa tilo, Corinne, ita ma tuƙin ta gada. Amma duk abin da ta yi a ruwa kuskure ne a wurinsa, kuma a gaban baƙi yake faɗa mata. Da abin ya ishe ta, ta koma garin da ke gaba, ta ci gaba da aiki a kogin. Shekara shida ba ta ce masa Baba ba. Dwight take kiransa, in ma ta yi magana.

Da sanyi matarsa Lorna ta rasu. Ƙanƙara ta toshe hanya, Corinne ba ta iso ba sai bayan rai ya yi halinsa. Wasiyyar Lorna guda ce: a ƙona gawarta, a kai tokar gindin wata doguwar bishiya a bakin kogi, inda mikiyoyi ke sheƙa, uba da 'ya su watsa ta tare. Dwight ba yaro ba ne, ya gane nufinta. Dama ta ƙarshe ta bar masa.

Ranar hutun ma'aikata suka sa. Corinne ta zo da mijinta Alvin, wani mai haƙuri da bai cika magana ba. Tun a bakin ruwa ta ɗaure gwangwanin tokar da igiya biyu a tsakiyar kwale-kwalen.

"Dwight, ka san doka," in ji ta. "Komai a ɗaure. Kuma murya ɗaya ce a jirgi, ta wanda ke baya. Yau ni ce a baya."

"Ji yarinya," ya ce yana dariya. "Wa ya koya miki dokar?"

"Kai. Shi ya sa nake son in ga ko za ka iya binta na yini ɗaya. In ba ka iya ba, daga yau kowa ya kama gabansa."

Safiyar ta yi kyau. Suka ga wata beyar da ɗanta suna kiwo a gangare, Alvin ya rikice wajen ɗaukar hoto har filafilinsa ya kusa tafiya.

"Surukina, riƙe sandar nan," in ji Dwight. "Beyar nan ba miji take nema ba."

Corinne ta yi dariya kafin ta tuna ba sa shiri. Da suka tsaya cin burodi da naman talotalo, ita da kanta ta zuba masa gahawa. Zuciyarsa ta yi sanyi, ya ce a ransa an gama.

Bayan sun tashi, sai ga garken manyan bareyi sun sauko shan ruwa, ƙahoninsu kamar rassan itace. Su ne dabbobin da Lorna ta fi so. Dwight ya kwance igiyoyin, ya ɗora gwangwanin a cinyarsa.

"Lorna, ga mutanenki," ya ce a hankali.

Corinne ta kawar da kai, ta bar shi. Amma da ƙugin ruwa ya fara tasowa daga gaba, sai ta yi magana. Wurin suna kiransa Maƙogwaro, inda kogin ke matsewa tsakanin duwatsu, kuma bishiyar tana gaba da shi kaɗan.

"Mayar da ita ka ɗaure."

"Shekara arba'in ina riƙe da matar nan. Ba Maƙogwaro ne zai ƙwace ta ba."

"Ruwan bazara ya mirgino dutse gefen dama. Ba yadda ka san shi yake ba. Don Allah ka ɗaure."

Ya matse gwangwanin tsakanin gwiwoyinsa, gwiwoyin nan da ko matakala ba sa iya hawa. Ya ɗauki filafili.

Suka shiga. Corinne ta ce a yi hagu. Dwight ya hango tsohuwar hanyarsa, wadda ya bi sau ɗaruruwa, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Dama, Alvin, dama!"

Alvin ya tsaya da filafili a sama, bai san wa zai bi ba. Daƙiƙa biyu ne kawai. Kwale-kwalen ya daki sabon dutsen, ya miƙe a gefe guda, ruwa ya rufe su. Ba su kife ba, don Corinne ta faɗa da jikinta kan gefen da ya tashi. Da suka fito, kowa na nan. Cinyar Dwight ce babu komai.

Awa uku suna nema. Gwangwanin ƙarfe ne mai murfin murɗawa, ya nutse a rufe. Alvin ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga ruwa ya laluba har leɓensa ya canza launi don sanyi. Corinne ta ce ya fito, ba za ta rasa mutum biyu a rana ɗaya ba.

Haka suka gangara. Ruwan ya kwanta, bishiyar ta bayyana, ga mikiya a kan sheƙarta. Corinne ta daina tuƙi, ta zura hannunta cikin ruwa har suka wuce. Dwight yana so ya ce kogin ai duk ɗaya ne, amma ya san ba haka ba ne. Lorna na can a rufe ƙarƙashin dutse, kuma shi ya kai ta.

"Corinne, na yi kuskure," ya ce. Bai taɓa faɗar haka ba a rayuwarsa.

"Na sani, Baba," in ji ta. Ya ɗago da sauri jin sunan. "Ban same ta da rai ba. Wannan kaɗai ya rage mini in yi mata. Alvin zai kai ka gida."

Ranar ce ta ƙarshe da ta yi masa magana. Har yanzu, duk lokacin da ruwa ya ja baya, masu wucewa ta Maƙogwaro suna ganin wani tsoho a kan dutse da doguwar sanda yana laluben ƙasan ruwa. Wasu ranakun Corinne ce ke tuƙa su. Ba ta waiwayawa.

Darasi: Ƙwarewar jiya ba ta hana ka sauraron wanda ya san yau, ko da kai ka haife shi. Wata damar sau ɗaya take zuwa, kuma neman gafara ba ya dawo da duk abin da girman kai ya zubar. Ku tura wa wanda kuka san har yanzu yana da lokacin sassautowa.