Jifan Da Ya Karya Gamaliel

An yi wani mutum a ƙasar nan, ɗanmu ne, jininmu ne. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye, iyayensa ma suna raye. A Manchester aka haife shi. Iyayensa mutanen Filato ne, uban direban bas, uwar tana aiki a asibiti.

Yana da amini mai suna Gamaliel, ɗan maƙwabciyarsu Mama Angelina, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya tilo. Coci ɗaya suke zuwa, makaranta ɗaya, kwano ɗaya suke ci. In Mama Angelina ta dafa gwate, da rabon mutumin nan take zubawa, ko yana nan ko ba ya nan.

A wata cibiyar matasa ta unguwarsu suka koyi ƙwallon Amurka. Na san wasunku ba su san wasan ba. Ba da ƙafa ake yinsa ba. Ƙwallon kamar gwanda yake, da hannu ake jefawa, kuma kowa yana sanye da hular kwano, don karo ake yi, ƙato ya ɗebo gudu ya rafka da ƙato. A kowace ƙungiya akwai mutum ɗaya da ake kira kwatabak, shi ne mai jifa. Shi ke duba fili, ya zaɓi wanda zai jefa wa. Wanda ya ruga don ya cafe ba ya ganin abin da ke bayansa, idonsa na sama. Da idon mai jifa yake gani. Ashe kun ga amana ce.

Mutumin nan shi ne mai jifa, Gamaliel mai cafewa. Da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu, council, wato ƙaramar hukuma, ya rufe cibiyar, sai suka koma filin shaƙatawa su biyu, a cikin ruwa da sanyi, wannan ya jefa, wancan ya cafe. Tare suka sami gurbi a wata jami'a a Birmingham, suka kama ɗaki a gida ɗaya a Ladywood, suka shiga ƙungiyar jami'ar. Shekara biyu ana maganarsu. Allah ya yi wa mutumin nan hannu, ya 'yan uwa. Yakan jefa ƙwallo daga tsakiyar fili ya sauka a tafin Gamaliel kamar an miƙa masa.

A shekararsu ta ƙarshe wani baƙo ya zo daga wata ƙungiya a Jamus, yana neman ɗan wasa ɗaya. Bayan wasa mai horar da su ya tara su yana murna, ya ce baƙon ya tambayi sunan Gamaliel, kuma zai dawo ya sake kallonsa a wasan da za su buga a Manchester.

Kowa ya rungumi Gamaliel. Mutumin nan ma ya rungume shi. Amma a bas ɗin komawa gida abin ya fara cinsa. Zuciyarsa tana ce masa: wa ya jefa ƙwallon da aka cafe? Ba kai ba ne? In ba don hannunka ba, wa zai san shi?

Mako uku yana ɗauke da wannan magana. Bai gaya wa kowa ba, bai kai ta gaban Allah ba. Ya bar ta tana girma.

Ranar wasan ta zo, wata Lahadi da rana. Mama Angelina ta fito daga coci ta zarce filin da ɗankwalinta na ado. Baƙon yana tsaye a gefe da littafinsa.

Akwai ƙa'idar da kowane mai jifa ya sani tun ranar farko: in ɗan uwanka ya shiga tsakiyar fili kuma abokan hamayya sun nufo shi, ba ka jefa masa ƙwallo sama. In ka jefa, dole ya yi tsalle ya miƙe hannuwa, ya bar jikinsa a buɗe. Ana cikin wasa, mutumin nan ya ɗaga kai, ya ga wani ɗan ƙungiyarsu shi kaɗai a gefen dama, ba kowa kusa da shi. Ya juya ya ga Gamaliel a tsakiya, ƙarti biyu sun taso masa. Ya jefa wa Gamaliel, ya kuma jefa sama.

Bai yi niyyar karya shi ba. Abin da yake so kawai, ƙwallon ya suɓuce masa a gaban baƙo. Amma wa ya taɓa gaya wa zunubi iyakar inda zai tsaya?

Gamaliel ya yi tsalle ya cafe. Ɗaya ya buge shi ta baya, ɗaya ta ƙafa. Ya faɗi a kan wuyansa, ƙwallon yana rungume a ƙirjinsa, bai saki ba. Bai kuma tashi ba. Likitoci suka ce lakarsa ta taɓu, ba zai ƙara taka ƙasa da ƙafarsa ba.

Kowa ya ce tsautsayi ne. A asibiti Mama Angelina ce ma ta riƙe kan mutumin nan tana lallashinsa. "Ɗana, daina kuka," ta ce. "Ba laifinka ba ne. Ni dai na san kai ba za ka cuce shi ba."

Mutum ɗaya ne ya gane. Sunansa Abdulsalam, ɗalibi ne daga Zariya da ya zo karatun digiri na biyu, ƙaton mutum, ɗaya daga cikin masu tsayawa gaban mai jifa su kare shi. Ya kalli bidiyon wasan sau da yawa, sannan ya tare shi a bakin ɗakin karatu.

"Malam, na ga inda ka fara dubawa," ya ce. "Ka ga dama a buɗe. Ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan gaya ba. Amma don Allah ka je ka same shi, ka faɗa masa da bakinka."

Kun ga rahamar Allah? Ya aiko masa da wanda zai ja shi gefe a asirce, ba wanda zai tona shi a kasuwa ba. Amma mutumin nan ya harare shi ya ce, "Kai da ka zo jami'a jiya, me ka sani a wasan nan?" Ya wuce abinsa.

Ku ji abin mamaki. Baƙon nan ya kira mutumin nan, ya ce tun da Gamaliel ya kwanta, shi ya zo gwaji. Abin da ya yi hassada a kai ya faɗo hannunsa. Amma ranar gwajin, duk lokacin da ya ga wani ya ruga tsakiyar fili, sai hannunsa ya ƙi sakin ƙwallo. Ya tsaya riƙe da shi kamar gunki har a zo a kayar da shi. Sau biyar ana kayar da shi. A na shida kafaɗarsa ta dama ta goce, jijiya ta tsinke. Wasa ya ƙare ke nan.

GP, likitan unguwarsu, ya rubuta masa maganin ciwo mai ƙarfi. Ciwon kafaɗa ya lafa, amma ya tarar maganin yana kwantar masa da wani ciwon da bai gaya wa likita ba. Da aka daina rubuta masa, ya koma saye a hannun 'yan kan titi. Bai zauna jarrabawar ƙarshe ba. Ya kama aiki a wani sito, aka sallame shi. Ya daina zuwa coci. Ya daina zuwa Manchester.

Can kuwa Mama Angelina ta bar aikinta don jinyar ɗanta. Flat ɗinsu a bene hawa na uku yake, na'urar hawa kullum a lalace, sun nemi gidan ƙasa, council ya ce su jira, layi ya yi tsawo. Takan kira shi ta ce, "Ɗana, ka zo ko sau ɗaya ka taya ni sauko da ɗan uwanka ya ga rana." Ya ce zai zo Asabar. Asabar nawa ke cikin shekara huɗu?

A shekara ta biyar ya je. Wata safiya ce, duk ya rame. Mama Angelina ta yi guɗa, ta shiga kicin ta ɗora tukunya. Ya zauna gaban Gamaliel da ke kan keken guragu.

Gamaliel ne ya sauƙaƙa masa. "Na sani," ya ce. "Tun ƙwallon yana sama na sani. Shekara goma kana jefo mini, ka taɓa jefo mini irin wannan? Na yi fushi, na gaji da fushi, na yafe. Amma Mama ba ta sani ba. Kullum da sunanka take rufe addu'a. Ba ni zan gaya mata ba. Ga ta can, tashi ka je."

Ya tashi. Ya tsaya a tsakanin ƙofa biyu, ta kicin a hagu, ta fita a dama. Yana jin ta tana 'yar waƙar coci tana yanka albasa. Ya buɗe ta dama, ya sauka matakala da gudu.

Watan jiya wani daga cikinmu ya gan shi a unguwar Sparkbrook ta Birmingham, zaune a bakin wani shago a Stratford Road, da bargo a kafaɗa. Ya kira sunansa, shi kuwa ya kawar da kai. Shekarunsa ba su kai talatin ba.

Ya 'yan uwa, me ya halaka mutumin nan? Hassada ce ta jefa ƙwallon, amma girman kai ne ya ƙarasa shi. Sau biyu aka buɗe masa ƙofar tuba. Wanda ya cuta da kansa ya yafe masa, shi ne ya kasa ɗaukar kunyar minti biyar a gaban tsohuwa ɗaya.

Kada wani ya ce ni ba na wasan ƙwallo. Kai da aka ƙara wa abokin aikinka girma, me ka ji a ƙirjinka? Ke da ɗan ƙawarki ya ci jarrabawa naki ya faɗi, wace magana kika kwana da ita? A ƙasar nan mu 'yan kaɗan ne, kowa da wanda ya ba shi baya ya amince. In ka ji abin nan ya fara motsi, ka kai shi gaban Allah tun yana ƙarami. In kuwa ka riga ka jefa, kada ka jira Asabar. Ka je yau, ka faɗa da bakinka.

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashin alherin 'yan uwanmu. Allah ya ƙarfafa Gamaliel da mahaifiyarsa. Wancan bawan nasa kuma, Allah ya nemo shi tun da sauran numfashi. Allah ya kiyaye mu, mu da 'ya'yanmu. Amin.